Kogin iskar da ke bi ta saman Ɗan Barto: Abin da ya sa hadarin damina ke fitowa daga gabas

A Ɗan Barto, garin kan iyaka da ke kudu da Matameye a jihar Damagaram, ko yaro ya san inda ake dubawa idan ana jiran ruwa. Gabas ake kallo.

Yawanci da la'asar ne ko cikin dare. Gari zai yi tsit, zafi ya dami kowa, sai a hango duhu ya taso da jar ƙura a gabansa kamar katanga. Kafin a ankara iska mai sanyi ta iso. Mata su ruga kwashe shanya, masu tebur a bakin hanya su tattara kaya, direbobin da ke jiran tsallakawa Kwangwalam ta ɓangaren Najeriya su ja tamfol a kan lodi. Bayan 'yan mintuna sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Sai dai akwai abin mamaki a nan. Iskar da ke kaɗawa a ƙasa tsawon damina daga kudu maso yamma take zuwa, kuma ita ke ɗauko laima daga tekun Gini. To me ya sa hadarin ke fitowa ta gabas?

Amsar tana can sama, kilomita uku zuwa huɗu daga rufin gidaje, inda wata iska ke gudu daga gabas zuwa yamma kamar ruwa a cikin kwari. Ba a ganin ta, ba a jin ta a jiki, amma tana cikin manyan abubuwan da ke yanke hukuncin ko hatsin bana zai yi, ko za a sake shuka, ko kuma ruwa zai rushe gidajen ƙasa.

Mene ne kogin iska?

A sararin samaniya akwai wurare da iska ke tattaruwa ta yi gudu a siririyar hanya, tsawonta dubban kilomitoci, faɗinta ɗaruruwa, kaurinta kuma 'yan kilomitoci kaɗan. Masu gabatar da hasashen yanayi a talabijin ɗin Turai da Amurka suna kiran ta jet stream. Da Hausa za a iya cewa kogin iska.

Abu biyu ke haifar da shi: bambancin zafi tsakanin yankuna biyu maƙwabta, da kuma juyawar duniya. Iska mai zafi tana kumbura ta yi tsawo, mai sanyi tana tsukewa. Don haka a can sama iska na gangarowa daga ɓangaren zafi zuwa ɓangaren sanyi. Juyawar duniya kuma tana karkatar da duk iskar da ta yi doguwar tafiya zuwa hannun dama a arewacin duniya. Maimakon ta isa inda ta nufa, sai ta riƙa bin gefen iyakar zafin da sanyin.

Wanda ya fi suna shi ne na ƙasashen sanyi. Yana tsakanin kilomita 9 zuwa 12 a sama, yana gudu daga yamma zuwa gabas, kuma a lokacin sanyi gudunsa kan haura kilomita 300 a awa ɗaya.

Wani masanin yanayi ɗan ƙasar Japan, Wasaburo Oishi, shi ne ya fara auna shi dalla-dalla a shekarun 1920 ta hanyar sakin balan-balan yana bin tafiyarsu. Ya rubuta sakamakon da harshen Esperanto, wanda masu karanta shi ba su da yawa, don haka duniya ba ta kula ba. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu, a 1944, matuƙan jiragen yaƙin Amurka da ke zuwa Japan suka ci karo da iskar da ta rikita musu lissafi.

'Yan ƙasar waje da ke yawan hawa jirgi sun san aikinsa ko da ba su san sunansa ba. Shi ya sa tafiya daga Amurka zuwa Turai ta fi dawowa sauri. A watan Fabrairun 2020, wani jirgin British Airways ya taso daga New York ya sauka a Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da ta saba cin fiye da awa shida, saboda iskar ta tura shi ta baya.

Namu kogin ya juya baya

A Turai kudu ce mai zafi, arewa mai sanyi. A Afirka ta Yamma lokacin damina lamarin ya juye. Arewa ce ke ƙuna, domin Sahara tana gasa iskar da ke kanta har zuwa kilomita huɗu ko biyar a sama. Kudu kuwa, wato bakin tekun Gini da dazuzzuka, tana da sanyi da laima. Tun da bambancin ya juye, kogin ma ya juya: daga gabas yake zuwa yamma.

Masana na kiran sa kogin iskar gabas na Afirka. Bai kai na Turai gudu ba, yawanci kilomita 40 zuwa 50 ne a awa, kuma ya fi shi kusa da ƙasa sosai. Yana da tafiyarsa ta shekara. Da bazara yana kudu, sai ya riƙa hawowa arewa tare da ruwa, har ya kai wajen digiri 15 arewa da tsakiyar duniya a watan Agusta, sannan ya koma kudu da kaka.

Ɗan Barto na kan digiri 13 da 'yan kai. Ma'ana, a tsakiyar damina kogin yana bisa wannan yanki ko kuma ɗan arewa da shi kaɗan. Haka Daura, Maraɗi da Sakkwato, duk suna kusan layi ɗaya.

Sama da shi kuma akwai na biyu, a tsayin kilomita 12 zuwa 16. Shi ma daga gabas yake zuwa, amma asalinsa Asiya ne. Zafin da tsaunukan Tibet da daminar Indiya ke fitarwa ne ke tayar da shi, ya ratsa tekun Indiya ya shigo Afirka. Idan ya yi ƙarfi yana taimakawa wajen janye iska daga saman gizagizai, abin da ke ba hadari damar tasowa sosai.

Yadda hadari ke haɗuwa

Ga yadda abin ke faruwa a ranar ruwa. A ƙasa akwai iska mai laima daga kudu maso yamma. A samanta akwai kogin gabas mai busasshiyar iska. Rana ta gasa ƙasa, iska mai laima ta tashi sama ta zama girgije.

Da a ce iskar sama da ta ƙasa hanya ɗaya suke bi, girgijen zai zubar da ruwansa a inda ya taso ya mutu cikin awa ɗaya ko biyu. Amma da yake suna saɓawa juna, sai girgijen ya karkata. Ruwan da ke zuba yana janyo iska mai sanyi zuwa ƙasa, ita kuma ta bazu gaba tana kwashe ƙura, tana cusa kai ƙarƙashin iska mai ɗumi tana ɗaga ta. Sabon girgije ya taso a gaban tsohon. Haka hadarin ke haifar kansa yana tafiya yamma.

Wannan iska mai sanyi da jar ƙurar su ne mutanen Ɗan Barto ke gani kafin ɗigon farko.

Irin wannan hadari kan jeru ya kai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, ya yi tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, ya kuma rayu rabin yini ko fiye. Nazarin hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ruwan da Sahel ke samu daga irin waɗannan manyan hadura yake zuwa. Ke nan daminar manomi ta rataya ne a kan 'yan hadura ƙalilan. Rasa uku ko huɗu a lokacin da hatsi ke fitar da kai ya isa ya sauya lissafin rumbu.

Kogin kansa ba ya tafiya a miƙe. Yana lanƙwasa kamar maciji, kuma lanƙwasar tana tafiya yamma, tana wuce wuri guda duk bayan kwana uku zuwa biyar. Idan ɓangaren da ke tara laima ya iso, hadari ya fi sauƙin tashi. Idan ya wuce, sai a samu 'yan kwanaki na rana. Tsofaffin manoma da ke cewa ruwan Agusta yana da ranakunsa ba su yi kuskure ba. Da yawa daga cikin waɗannan lanƙwasa suna farawa ne daga gabas mai nisa, wajen tsaunukan Darfur da Habasha.

Daga Damagaram zuwa gaɓar Amurka

Lanƙwasar da ta shayar da gonakin Kance ba a nan take tsayawa ba. Tana wuce Yamai, Bamako da Dakar, ta faɗa tekun Atilantika. Kimanin 60 ne ke fita haka a kowace shekara. Mafi yawansu suna mutuwa a kan teku, amma wasu suna samun ruwa mai ɗumi su riƙa juyawa har su zama mahaukaciyar guguwa.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atilantika daga nan suke samo asali. Guguwar Andrew da ta ɗaiɗaita kudancin Florida a 1992 da Irma ta 2017 duk sun fara ne a matsayin lanƙwasar da ta fita daga gaɓar Afirka ta Yamma. Shi ya sa cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami ke sa ido kan sararin Sahel tun daga Yuni har Nuwamba.

Ɗan Nijar da ke zaune a Amurka yana iya ganin taswirar guguwa a talabijin, bai san cewa wataƙila asalinta ya bi ta saman gidansu mako biyu da suka wuce ba.

Shekarar fari da shekarar ambaliya

Waɗanda suka manyanta a yankin ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Da masana irin su Sharon Nicholson ta Amurka suka kwatanta shekarun fari da na ruwa, sun ga bambanci a sama. A shekarun fari kogin gabas yakan tsaya kudu da inda ya saba, na can ƙololuwa kuma ya yi rauni. A shekarun ruwa na ƙasan yakan hau arewa sosai, na saman ya yi ƙarfi.

Hawa ko saukar kilomita 200 ba wani abu ba ne a taswirar nahiya. Amma ga yankin da ruwansa na shekara ke tsakanin milimita 500 zuwa 600, kuma yake cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, wannan tazara ce ke raba cikar rumbu da tafiya ci-rani tun kafin kaka.

Yanzu kuma wata matsala ta ƙaru. A 2017 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa binciken da Christopher Taylor na Birtaniya ya jagoranta, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35. Sun gano cewa hadura mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara na ƙara zafi fiye da yankunan da ke kudu da ita, bambancin ya ƙaru, saɓanin iskar sama da ta ƙasa ya ƙaru, hadarin kuma ya ƙara ƙarfi.

Daminar 2024 ta nuna abin da hakan ke nufi a ƙasa. Ruwa ya hau arewa fiye da yadda aka saba, har cikin Sahara. Alƙaluman hukumomin Nijar sun nuna ambaliya ta kashe kusan mutum 400, ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, inda jihohin Maraɗi da Damagaram ke cikin waɗanda abin ya fi muni. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Mako guda bayan haka madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. An ɗage komawa makaranta a Nijar zuwa ƙarshen Oktoba, domin azuzuwa da dama sun lalace, wasu kuma mutanen da suka rasa matsuguni ne a ciki.

Ko hunturu da hannun iskar sama

Da damina ta wuce kogin gabas ya koma kudu ya yi rauni. A lokacin wani kogin ne ke mulki, wanda ke ratsa arewacin Afirka daga yamma a tsayin kimanin kilomita 12. Idan sanyin Turai ya kutso ta Bahar Rum, iska mai nauyi kan taru a kan Libiya, ta matso kudu.

A arewacin Chadi wannan iska tana matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi a kan kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon tafkin Chadi. Wurin na cikin mafiya fitar da ƙura a duniya. Kwana ɗaya ko biyu bayan ta tashi, sai hazo ya rufe Damagaram, Ɗan Barto da Kano, jirage su kasa sauka, asibitoci su cika da masu tari. Busasshiyar iska mai ƙura tana kuma da alaƙa da ɓarkewar sanƙarau, shi ya sa cibiyar ACMAD da ke Yamai ke fitar da sanarwar gargaɗi kan cutar a lokacin rani.

A allon talabijin

Wanda ke kallon hasashen yanayi a Landan ko Paris ya saba ganin wani dogon zare mai launi yana lanƙwasa a kan taswira. Mai gabatarwa zai nuna cewa ya sauko kudu, don haka mako mai zuwa na ruwa da iska ne, ko kuma ya hau arewa ya tsaya, don haka a shirya wa zafi. Da yawan maimaitawa, mai kallo na gari ya koyi karanta shi.

A yankinmu abin da mai kallo ya fi gani shi ne jerin birane, da lambar zafi, da hoton girgije ko rana a gefe. Idan an zurfafa, a ambaci layin da iskar damina ke haɗuwa da ta hamada. Kogin da ke tuƙa hadarin ba kasafai yake fitowa fili ba.

Ba don ma'aikatan ba su san shi ba ne. A ofisoshin hukumar yanayi ta Nijar, DMN, da ta Najeriya, NiMet, matsayin kogin da lanƙwasarsa suna cikin abubuwan da ake dubawa kafin a rubuta hasashe. A 2006, lokacin babban shirin binciken damina na AMMA wanda Yamai ta kasance ɗaya daga cikin cibiyoyinsa, an tsara wata taswira ta musamman ga Afirka ta Yamma da ke nuna kogunan biyu da inda lanƙwasa take. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari, tana haɗa masana duk shekara kafin damina su fitar da hasashen yadda za ta kasance.

Matsalar tana wurin aunawa da wurin isarwa. Hanya mafi inganci ta sanin iskar sama ita ce sakin balan-balan ɗauke da na'ura, sau biyu a rana. Abin na da tsada, kuma tashoshin da ke yin sa a yankin kaɗan ne. Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce rahotannin irin wannan awo daga Afirka sun ragu da kusan rabi tsakanin 2015 da 2020, kuma yawan tashoshin awo a nahiyar kashi ɗaya cikin takwas ne na abin da ya kamata.

Hakan na shafar manhajojin da matasa ke dubawa a waya. Suna ɗauko bayanai ne daga manyan kwamfutocin Turai da Amurka, kuma wani bincike da masana a Karlsruhe ta Jamus suka wallafa a 2018 ya nuna cewa hasashen ruwan kwana ɗaya zuwa biyar na waɗannan kwamfutoci a arewacin Afirka mai damina da ƙyar yake fin lissafin abin da aka saba gani a wannan lokaci na shekara. Idan waya ta ce gobe da ƙarfe huɗu za a yi ruwa a Matameye, bai kamata a ɗauke shi kamar yankan wuƙa ba.

Awannin da za su iya ceton rai

Duk da haka, halin hadarin Sahel ya bayar da wata dama. Tun da daga gabas yake zuwa kuma an san gudunsa, ana iya bin sawunsa. Taurarin Meteosat na Turai suna ɗaukar hoton Afirka duk minti 15, sabon da aka harba a Disamban 2022 kuma yana yi duk minti 10, har da na'urar gano walƙiya.

Hadarin da aka gani a kan Gure yana da tafiyar kimanin kilomita 200 kafin ya iso Matameye, wato kusan awa huɗu. Wanda ya taso a wajen Diffa yana da kimanin kilomita 450, awa takwas ko tara, idan bai mutu a hanya ba. Wannan lokaci ya isa a fitar da tsofaffi da yara daga ɗakin da ya jiƙe, a janye dabbobi daga kwari, a dakatar da mai shirin watsa taki, a hana mota shiga ƙorama da dare.

Ga mai shuka kuwa, abin da ya fi buƙata shi ne sanin ko ruwan farko na da magaji. Masanin aikin gona M.V.K. Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya tsara ma'auni a 1988: damina ta kama idan an samu milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da an yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba a cikin kwana 30 da ke biye. Manomin da ya zuba irinsa bayan ruwan yaudara, sannan aka yi mako biyu ana rana, sai ya sake sayen iri a lokacin da ya fi tsada. Matsayin kogin gabas da jerin lanƙwasar da ke tafe suna cikin alamun da ke nuna ko damina ta zauna. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Hausawa, tun daga Laraba ake gane ta.

A 2022 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya sanya burin cewa kowane mutum a duniya ya samu gargaɗin bala'in yanayi da wuri kafin ƙarshen 2027. A wuri kamar Ɗan Barto, cikar wannan buri ba ta tsaya ga talabijin ba, domin gidaje da yawa a ƙauyukan kewaye ba su da wutar kunna shi. Rediyo da saƙon murya na WhatsApp sun fi kai wa ga jama'a, kuma da Hausa, ba da Faransanci ko Turanci ba.

Garin na da wata fa'ida da ba kowa ke da ita ba. Mutanensa na sauraron tashoshin Damagaram da na Kano da Katsina, suna riƙe da layukan waya na ƙasashen biyu, kamar yadda suke riƙe da naira da sefa. An rufe wannan iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023, amma hadarin da ya ratsa Magarya yakan zubar da ruwansa a Daura da Ɗan Barto a dare ɗaya. Gargaɗin da NiMet ta fitar don arewacin Katsina da Jigawa ya shafi Kance, haka na DMN ya shafi Mai'aduwa.

A nan ne matasan birni da 'yan ƙasar waje ke da rawar takawa. Su ne ke da intanet mai ƙarfi, su ne ke iya buɗe shafukan hukumomin biyu da hoton tauraron ɗan'adam. Wanda ya ga jerin gizagizai masu kauri a gabashin Damagaram da yamma, ya kuma ga hukuma ta yi gargaɗi, yana iya ɗaukar waya ya kira gida ya ce a kwana da shiri.